Faifan da Na Bari a Rana

A Misfala, wata unguwa a Makka, aka fara sauke ni. Ɗaki ne a hawa na huɗu na wani tsohon gini, mu tara a ciki, duk mata: wasu daga Gusau, wasu daga Maraɗi, ni kaɗai ce daga Funtuwa. Ejan ɗin da ya kawo mu ya karɓe fasfonmu tun a mota, ya ce zai kai a yi mana iƙama, wato takardar zama. Abin da ya faɗa min a gida shi ne wata makaranta ce ke neman mai kula da ƙananan yara wadda ta iya Turanci. Shekara bakwai na yi ina koyarwa a firamare kafin mijina ya rasu, saboda haka ban ga abin shakka a maganar ba. Na bar 'yata Nana a hannun mahaifiyata da ƙanwata.

Babu makarantar. Sai da na yi sati uku kafin na yarda da haka. Kullum da safe ejan yakan hawo da burodi da wake a leda, in an tambaye shi aiki ya ce “bukura”. Kalmar Larabcin titi ta farko da na koya ke nan, ma'anarta gobe. Ta tagar ɗakin ina kallon masu umara suna wucewa a ƙafa zuwa Harami, wasu da takalma a hannu. Ni ma na bi su sau da yawa. Na sha jin mata a gida suna cewa ranar da suka fara ganin Ka'aba kuka ya ƙwace musu. Ni na yi ɗawafina, na yi addu'a, amma rabin hankalina yana kan fasfo.

Wata safiya ejan bai zo ba, washegari ma haka. A kwana na biyar mai ginin ya ce mu kwashe kayanmu. Matan suka watse, kowa ta bi wadda ta sani. Ni ban san kowa ba.

Yaya Mariyama ce ta tsince ni. Tana sayar da yaji da kuka da daddawa a bakin wani lungu, na tsaya a gabanta ba don zan saya ba, sai don ƙamshin daddawar. Iyayenta Hausawan Chadi ne, ita kuma ta fi shekara ashirin a Makka. Ta dubi jakata, ta dubi fuskata, ta ce in zauna in jira ta tashi daga kasuwa. Da la'asar muka hau unguwarsu, Nakkasa. Matakala ce a jikin dutse, a hau, a huta, a ƙara hawa. An riga an rushe gefe guda na unguwar, mutum yana iya hango fentin ɗakunan da babu su a jikin bangon da ya rage.

Wata huɗu na yi a gidanta, ina daka yaji, ina ƙulla shi a leda. Duk Juma'a takan miƙo min wayarta in kira gida, ta fita tsakar gida don kada in ji nauyinta. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan tafi ba. Mijinta, Malam Abakar, yana da shagon gyaran waya a unguwar Rusaifa, kuma shi ya zo da labarin wata tsohuwa da ke neman mai aiki wadda ke jin Hausa kuma take karanta Turanci. Ya ce an kai mata mutum uku ta mayar da su.

Sunanta Hajiya Zainaba. A Makka aka haife ta, kakanta ne ya zo daga Sakkwato a ƙafa bai koma ba. Ita ba ta taɓa ganin Sakkwato ba, amma Sakkwatanci take yi, irin na tsofaffi, gauraye da Larabci. Ciwon suga ya cinye mata ido, haske da duhu kawai take bambancewa. Ɗanta Faisal yana zaune da iyalinsa a hawan sama. Ma'aikacin ofis ne, yana jin Hausa amma in zai yi ta sai ya yi ta laluben kalmomi.

Ranar da aka kai ni ba ta tambaye ni girki ko wanki ba. Ta miƙo min wani faffaɗan kwali mai hoton maza huɗu da gemu, ta ce, “Karanta min abin da ke baya, ɗiyata. Shuwayya shuwayya, kar ki yi sauri.”

Na karanta. Sunayen waƙoƙi ne da na makaɗa, wasu da Turanci, wasu da wani harshe da haruffansa ba sa bin bakin mutum. Ta gyara min biyu, ta ce ɗayyib, wato ya yi, in kawo kayana.

Aikin gidan bai da yawa. Ainihin aikina yana wani ɗaki na can ciki, inda na'urar sanyaya ɗaki ba ta taɓa mutuwa, dare da rana. Kabad uku ne cike da faya-fayan garmaho, duk na kiɗan gargajiyar ƙasar Ireland. Mijinta ya yi karatun likita a can shekaru arba'in da suka wuce, ta bi shi tana amarya, suka yi shekara biyar. A shagunan tsofaffin kaya ta fara saye. Da suka dawo ba ta daina ba, har mijin ya rasu, har idon ya tafi. Yanzu Faisal ke yi mata oda ta waya, yana ƙorafi yana biya.

Ta koya min dokokin ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Faifai a tsaye yake zama, ba a kwantar da shi. Ba a taɓa fuskarsa, a gefe ake riƙewa. In za a wanke, da tataccen ruwa daga kemis da ƙyalle mai laushi, a bi layin yadda ya zagaya. In aka fara kiran salla a ɗaga allurar garmaho, ko da saura baiti ɗaya. Kuma ba a ƙure murya, saboda maƙwabta ba duka ne za su so jin kiɗa daga gidan dattijuwa ba. Ni kaina da farko na ɗan ji wani iri. A gidanmu rediyo ma don labarai ake kunnawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kundin waƙa ɗaya tana da shi sau biyu, wani ma sau uku. Ta ce akwai bugun farko, akwai wanda aka sake bugawa daga baya. Ta nuna min yadda ake ganewa. Tsohon kwali ba shi da baƙaƙen layukan nan da ake haskawa a kanti. Kusa da ramin tsakiya akwai lambobi da aka karce da hannu, sai an karkata faifan a haske ake ganinsu, kuma su ne aikin idona. Sabon bugu ya fi kauri da nauyi. Na tambaye ta, tunda sabon ya fi tsabtar murya, me za ta yi da tsohon mai ƙarar yashi? Ta ce a sabon sun wanke muryar har sun wanke ɗakin da aka yi waƙar a ciki. A tsohon kuwa kana jin kujera ta motsa, kana jin mai goge ya ja numfashi.

Da hantsi muke saurare. Akwai goge, akwai sarewa, akwai ganga mai faɗi kamar bandiri, da wata irin algaita da ba a busawa da baki, da zugazugi ake matsa ta a hammata. Watanni na yi kunnena bai karɓa ba. Wata rana mai sarewa ya ja wani sauti da ya mayar da ni bayan garinmu, inda Fulani ke kiwo bayan an cire dawa, sai na tashi na ce zan duba tukunya.

Akwai faifai ɗaya da ya bambanta da saura. Kwalinsa ruwan ƙasa ne, ya tsufa har gefensa ya yi laushi, da hoton wata tsohuwa a bakin ƙofa. Babu kiɗa a ciki, muryar mace ce kaɗai, da harshensu, tana ja kamar matan da ke waƙa a kan dutsen niƙa. Hajiya ba ta cika nemansa ba. In ta nema sai na ba ta a hannu ta shafa shi tukuna, in ɗora, sannan ta ce in fita in ja ƙofa.

A tsakiyar zafi abin ya faru, lokacin da ko ruwan famfo ba ya taɓuwa da rana. Hajiya ta ce a bi kabad ɗin a wanke komai, kullum goma. A kicin nake wankewa. Ranar ta kwanta bayan azahar, faifan nan yana hannuna na gama goge shi, sai wayata ta yi ƙara. Daga gida ne. Na jingina shi a bakin taga, a lokacin akwai inuwa, na hau rufin gida inda magana ta fi fita.

Ƙanwata ce, ta ce ga Nana. Aka ba ta wayar. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, “Anti, ina wuni.” Na ji tana tambayar ƙanwata, “Mama, in ce mata me?” Suka yi dariya, suka ce yarinta ce, zai wuce. Ni ma na yi dariyar. Bayan an kashe wayar na zauna a inuwar tankin ruwa, ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Da na sauko rana ta zagayo tagar. Gefen faifan ya naɗe kamar busasshen ganye, tsakiyarsa ya tashi. Ko taɓa shi ban iya yi ba sai da ƙyalle. Na danne shi ƙarƙashin buhun shinkafa kwana uku, bai koma ba.

Na san abin da ya kamata in yi, ban yi ba. A daidai lokacin Faisal ya gano inda ejan yake, ya karɓo min fasfona, ya fara shige da fice don a mayar da takardata kan sunan gidansu. Shekara ɗaya da rabi ina kauce wa duk motar da na ga alamar ta hukuma ce. Na naɗe faifan a zani na tura shi ƙasan jakata, na mayar da kwalin wurinsa babu komai a ciki.

Ranar hutuna na je shagon Malam Abakar da hoton kwalin. Ya bincika a waya, ya ce bugun farko babu shi ko'ina, amma an sake buga shi shekarun baya, ana iya turowa. Na sayar da 'yan kunnena na ba shi. Ya ce ai duk ɗaya ne, tsohuwar da ba ta gani ina za ta sani? 

Sati shida aka yi kafin ya iso. A tsakani Hajiya ta neme shi sau ɗaya. Na ce mata na lura allurar ta fara cinyewa, kada ta ji wa faifan ciwo. Ta ce madalla da na kula, ta sa Faisal ya yi odar sabuwa. Abin da ta koya min ne na yi mata ƙarya da shi, kuma ƙaryar ta zauna daram.

Da ya iso na zare shi daga sabon kwalinsa na zura a tsohon. Bayan kwana huɗu ta ce in kawo mata. Na ɗora shi a tafin hannunta. Ta riƙe, ta bi gefensa da babban yatsa har ta zagayo, ta ɗan ɗaga shi ta sauke. Sai ta miƙo min ta ce, “Saka.” Na ɗora, na nufi ƙofa. Ta ce yau in zauna.

Na zauna har aka gama fuska biyun. Ta ce in mayar da shi kabad. Daga ranar kusan duk sati sai ta neme shi, kuma duk lokacin sai ta ce in zauna. Wata biyu muka yi a haka. Wani lokaci in ce ta sani, wani lokaci in ce da ta sani da ta yi magana. Na rame, ta ce ko zafin garin ne, ta sa a riƙa sayo min laban, nonon shansu.

Na'urar sanyin ɗakina ce ta tona ni. Ta fara zubar da ruwa, Faisal ya kawo mai gyara ina kasuwa, suka janye gado da jaka, zanin ya warware. Da na dawo na same shi tsaye a falo da faifan a hannu, Hajiya tana zaune a kujerarta. Fushi ya kore masa Hausar gaba ɗaya. Na tsinci kalmar ɓarauniya a cikin Larabcinsa, na tsinci iƙama, na tsinci 'yan sanda. A ganinsa kwashe kayan mahaifiyarsa nake ina sayarwa, wannan ne ya lalace a hannuna. Ya ce a ƙirga kabad ɗin duka a gabansa.

Hajiya ta miƙa hannu ta ce ya ba ta. Ta shafa lanƙwasar a hankali, daga gefe zuwa tsakiya.

“Ni na bar shi a rana,” in ji ta. “Na ce ta jefar, ba ta jefar ba. Halas, magana ta ƙare, ya Faisal. Je ka sallami mai gyara.”

Ya tsaya yana kallonta, ya kalle ni, sannan ya fita.

Ta ce in zauna. Na durƙusa a gaban kujerar na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce tun ranar da na ɗora mata shi a hannu ta gane, nauyin kaɗai ya isa. Sannan ta ba ni labarin faifan, da murya irin ta mai karanta takardar asibiti.

A sanyinsu na biyu a Ireland ta haifi ɗanta na fari, namiji. Kwana tara ya yi. Aka binne shi a wani kusurwa na maƙabartar garin, mijinta ya koma asibiti washegari saboda jarrabawa. Ita kaɗai a gida, ba uwa, ba dangi, ba ta jin Turanci sosai, rana tana faɗuwa tun kafin la'asar ta yi nisa. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce ta riƙa shigowa kullum, ta hura wuta, ta dafa shayi, ta zauna. Ba su da harshen hira, sai tsohuwar ta riƙa rera waƙa a ƙasan maƙoshi. Bayan kwana arba'in ta kawo mata faifan nan. Mai waƙar 'yar ƙauyen tsohuwar ce, kaɗan aka buga. Shi ne na farko a cikin kabad ukun nan. Mijinta bai ƙara ambaton yaron ba har ya mutu, ita ma ta bi shi a haka. Faisal bai san an haifi wani kafin shi ba.

Na ce, “Hajiya, me ya sa ba ki yi magana ba tun ranar?”

“Ke nike jira,” in ji ta. “Wata biyu ina aje ki gabana. Da kin zo kin ce rana ta ci shi, da na yi kuka, in zage ki, ya wuce. Faifai ne. Amma kin dubi idona kin ga bai gani, kika yi aiki da hakan. Duk abin da ke ɗakin ga da bakinki nike ganinshi, ɗiyata. In kin ce min lamba kaza ce, da mi zan duba?”



Ta ce takardata za a gama ta, ba za ta bari a mayar da ni gida hannu wofi ba. Amma ba a gidanta ba. Akwai ɗiyar ƙawarta a can ƙarshen Rusaifa mai neman mai aiki, za ta yi mata magana, za ta ce ina da tsabta da riƙon amanar kaya, kuma ba ƙarya za ta yi ba. Ta ɗora lanƙwasasshen faifan a cinyarta, ta ce in je in ɗora abincin rana.

Kwana goma sha biyu na ƙara a gidan. Ban sake shiga ɗakin ciki ba, ita ma ba ta kunna komai ba. Ranar tafiya na gaishe ta, ta yi min addu'a cikakkiya, ta ce in gaida Nana in mun yi waya.

Faisal ne ya kai ni a mota.  A wata danja ya juyo, ya tattaro Hausarsa.

“Ummi ta yi ƙarya. Na sani. Ummi ba ta barin faifai a rana, abadan.”

Na ce haka ne, ni ce.

Ya gyaɗa kai kamar wannan ba shi ne damuwarsa ba. Ya ce yana yaro sau ɗaya mahaifiyarsa ta taɓa dukansa, kuma a kan faifan nan ne, don ya zaro shi yana wasa. Ya ce tun lokacin yake son ya san me ke ciki. Ko ta faɗa min?

Na ce, “Ustaz, ba ni ya kamata ka tambaya ba. Ka sauko wata rana da hantsi, ka zauna, ka ce ta saka maka.”

Ya ce ba za ta faɗa ba. Na ce ya gwada. Danja ta ba da hannu, muka wuce.

Matar sabon gidan ba ta jin Hausa ko kaɗan. A bakin ƙofa ta tambaye ni da Larabci ko na iya guga, na ce na iya. Yara biyar ne a gidan, da maigida mai canza farar riga sau biyu a rana. Takardata ta fito bayan sati uku, kamar yadda Hajiya ta ce. Shekara uku na yi a can kafin na dawo Funtuwa, kuma ban ƙara taka gidan Hajiya Zainaba ba, duk da tafiyar ba ta kai rabin awa a ƙafa ba.

A shekarata ta farko a sabon gidan, wajen ƙarshen sanyi, Yaya Mariyama ta biyo ta kawo min yaji. A lokacin an rushe layinsu a Nakkasa, sun koma haya wani wuri. Tana zaune a ƙofar ɗakin wanki tana ba ni labarin mutane, sai ta ce Malam Abakar ya ji wani abin mamaki a shago. Wai Faisal ya ɗauki hutu, ya ɗauki mahaifiyarsa su biyu kaɗai, sun tafi Ireland har kwana goma. Ta ce ita dai ba ta gane abin da zai kai tsohuwa marar ido ƙasar sanyi ba, ga Madina kusa.

Na ce ni ma ban sani ba. Na juya rigar da ke kan tebur, na ci gaba da guga.